Yarinyar Jikin Kwalba

"Wata uku kina shafawa, kin zama kamar wannan," in ji mai kantin, tana ƙwanƙwasa hoton jikin kwalbar man bilicin da farcenta.

Na kalli yarinyar hoton. Fara tas, hanci kamar biro, sai ka ce rana ba ta taɓa ganinta ba.

"Anya kuwa, Anti?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki. "Hancin dai sai haƙuri, mai ba ya gyara wannan. Amma ko ba ki kamo ta ba, ai kya rage hanya."

Wata mai sayen turare ta sa baki, wai irin waɗannan matan ba a layinmu ake haifarsu ba.

Ban gaya musu ni ce ba. Bara na wuni a gaban kyamara, mai hoto yana cewa in yi murmushi kawai, sauran aikin na kwamfuta ne. 'Yan kunnena kaɗai suka bari yadda suke, ga su ma a kunnena, ba wadda ta lura.

Na ce ta ba ni kwalba biyu.