Jinin Waɗanda Ban Sani Ba

Ina shanya sai mijin 'yata ya kira. "Mama, ta buɗe ido. Har tana faɗa a kawo mata jaririnta."

Na zauna daɓas a ƙasa. Cuta ce ta shiga jininta bayan haihuwa, irin wadda ta ɗauke mahaifinta bara, a ɗakin nan na asibiti mai injuna.

A asibiti na tambayi nas abin da ke cikin kwalbar da aka ɗaura mata.

"Garkuwar jiki ce, Mama. Daga jinin dubban mutane aka tace ta."

"Su wane ne, in yi musu godiya?"

Ta yi dariya. "Wa ya sani?"

Tun ranar, duk wanda na gamu da shi a hanya, ni nake fara gaishe shi.