Saniyar da ta riƙe nono

Tun kafin kwalta ta iso Dapaong ne, a daminar da innarmu ta rasu ta bar mana jariri, ƙanena Salifu. Da nonon saniyar Kaka kaɗai yake rayuwa. Sai maraƙin saniyar ya mutu, ita kuma ta riƙe nono.

Ran nan da la'asar na yi ta matsa hantsar har hannuna ya yi tsami, ko ɗigo babu. Salifu yana goye a bayan Kaka, kuka har ya dusar masa da murya.

Na ce, "Kaka, ya ƙare!"

Ta ce, "Ke da wa kuka leƙa, uwar gaggawa? Hantsa ba tulu ba ce. A ciki take haɗa shi, kuma ba ta saki sai don ɗanta."

Ta ɗauko fatar maraƙin, ta cusa ciyawa a ciki, ta barbaɗa kanwa, ta ajiye a gaban saniyar. Warin fatar nan har yau yana hancina. Saniya ta shinshina, ta fara lasa. Wallahi sai na ji hantsar ta yi nauyi a tafina, nono ya tsinke cikin ƙwarya.

Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, amma ko jikata mai karatun likita ba ta musa mini wannan.

Mutanen gidan nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Salifu. Yana nan a Zangon Sokodé yana fawa, ƙato, da kyar ƙofa take ɗaukarsa.