Abin da Na'urar Ta Gano a Bakin Ƙofa

Muna fita daga wurin aiki zuwa sallar Azahar ƙararrawar gano tururin nukiliya ta ɗauki kuka. Hannuna ya kai kan cikina na wata biyar. Tun safe nake shirya sinadarin gadoliniyam ɗin da muka ciro daga tukunyar nukiliya don aika wa asibitocin Jakarta.

Aka auna ni da na'ura. Babu komai. Da aka kai na'urar jikin dattijon da ya koya mini aikin, sai ta haukace.

"Baba, me ka taɓa?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Ban taɓa komai ba, 'yata. Jiya likita ya yi mini allurar irin kayanmu. Ciwon daji gare ni, ya kai ƙashi. Kada ki gaya wa matata tukuna."