Wa Ya Yi Masa Wanka?

Ina shekara bakwai yayana Sale ya bar Gubuchi ya shiga soja, aka kai shi kudu yaƙin basasa. Wata rana da la'asar Inna tana surfe, wani soja ya yi sallama. Ta fito zaure, ya durƙusa ya miƙa mata hular Yaya.

Ta cafke hannun rigarsa. "Ɗana, wa ya yi masa wanka? An yi masa salla?"

Ya sunkuyar da kai. Ta yi ta tambaya har muryarta ta dishe.

"Inna," ya ce, "gudu muke yi lokacin."

Maƙwabta suka taru. Kunya ta kama ni, na ja zanenta ina cewa ta sake shi. Yanzu da na haifi nawa, na kasa yafe wa kaina jan zanen nan.