Rakiya a Queens

Da suka wuce bencin nan karo na goma sha biyu, sai ya tabbata abokinsa ba shi da niyyar sallamarsa.

Shi direban tasi ne a Bronx, mai tumbi, wanda ko hawa biyu ne sai ya nemi lif. Abokin ne ya shiga tseren gudu na mil ɗari, ana ta zagaya wani tafki a Queens. Sau biyu yana sarewa a baya, shi ya sa bana ya roƙe shi rakiyar dare. Ya amsa da sauri. A garinsu Kano ai rakiya ba ta wuce bakin layi: ka taka wa mutum kaɗan, ya ce, "Koma haka, na gode," ka juya. Sai dai mai rakiya ba ya sallamar kansa.

Direban ya yi tari. Ya duba agogo. Ya ce, "Kai, yau ƙafa ta ji jiki."

"Wallahi," in ji abokin, ya ci gaba da sassarfa.

Haka suka kwana, direban yana ɗingishi yana tsine wa hanyar da ba ta da bakin layi.

Gari na wayewa abokin ya cika mil ɗarinsa, suka zube a ciyawa.

"Malam, kai ba a koya maka 'koma haka' ba ne?"

Abokin ya ɗago kai da ƙyar. "Ni fa tun ƙarfe ɗaya na sare, jira nake ka ce ka gaji mu tafi gida. Da wane ido zan tsaya, mai tumbi irinka yana gudu?"