Darasin Italiyanci na Ƙarshe

Khairunnisa ta gama jarrabawar Italiyanci ta ajin ƙarshe a sakandare, don haka aikin Malama Wasila a gidansu na unguwar Karama ya ƙare. Malamar tana haɗa littattafanta sai ga uban yarinyar, Alhaji Maharazu, wanda matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, a bakin ƙofa yana murza hula.

"Malama, ni ma fa ina son koyo."

"Wata tara kana zaune a falo muna darasi, Alhaji. Me ka riƙe?"

"Ranakun zuwanki."

Ta sunkuyar da kai tana gyaran zif ɗin jaka, alhali lafiyarsa lau.

"Yayana Rilwanu, waliyyina, yana shagonsa a unguwar Deira," ta ce. "Shi Hausa yake ji, ba ka da uzuri."