Ruwan Baƙo

Suwaiba ta durƙusa ta miƙa wa Alhaji Bunu kwanon sha. Ta'aziyyar ɗanta Haris ya zo yi, wanda cutar amai da gudawa ta ɗauke.

Tunda Alhaji, shugaban kwamitin ruwa, ya cire injin burtsatsen ƙauyen ya kai gonarsa ta shinkafa a fadamar Auyo, ba ya shan komai sai ruwan leda daga Haɗeja. Yau kuwa idon jama'a na kansa. Ya shanye tas.

"Allah ya jiƙansa. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji." Ta karɓi kwanon. "A kududdufin da Haris ya sha na ɗebo maka. Sai da na bari ya kwanta, don kada ka gane."